Hanyar Inka zuwa Machu Picchu: duwatsun da aka goya da mutanen da suka goya su

Tafiyar tana farawa ne a gaban sikeli. A wani wuri da ake kira Kilomita 82, bakin kogin Urubamba a ƙasar Peru, tun kafin baƙi su taka gadar da za ta tsallakar da su, 'yan dako sun riga sun ja layi. Kowa zai sauke kayan da ya goyo, ma'aikaci ya ɗora a sikeli, ya duba ko sun haura abin da doka ta yanka. A cikin ƙunshin akwai tanti, da tukunyar gas, da shinkafa, da kujerun naɗewa, har da ƙwai da aka jera a hankali don kada ya fashe. Mai kayan galibi manomi ne daga ƙauyukan da ke saman garin Ollantaytambo, irin su Willok da Patakancha. Harshen Kecuwa yake ji, kumatunsa cike da ganyen koka, wani ma takalmin da ke ƙafarsa daga tsohuwar tayar mota aka yanko shi. Shi zai bar zango bayan kowa, ya wuce baƙi a hanya da sassarfa, ya riga su isa zango na gaba, ya kafa tanti, ya ɗora ruwan zafi.

Hanyar da za su bi, wadda duniya ta sani da Hanyar Inka, ba ta da wani tsawo. Kimanin kilomita 43 ce, yini huɗu da kwana uku, ta ƙare a kufan Machu Picchu, wani tsohon gari da mutanen daular Inka suka gina a kan dutse. Amma akwai abin ɗaure kai game da ita. Kogin Urubamba da kansa yana gangarawa har gindin dutsen da Machu Picchu ke kai, jirgin ƙasa ma gefensa yake bi ya isa cikin ƙasa da awa biyu daga Ollantaytambo, kuma mutanen Inka suna da tasu turbar a bakin kogin. To me ya sa suka bar kwari, suka shimfiɗa wata hanyar ta kan tsauni, mai hawa har mita 4,215 sama da teku, suka jera mata gine-gine a wuraren da ko akuya sai ta tsaya ta duba kafin ta hau? Wanda ya bi amsar wannan tambaya zai ga yadda daular Inka ta yi aiki, kuma a ganina zai ga abin da ya sa har yau tafiyar take farawa da auna kayan ɗan dako.

Inka asali laƙabin sarki ne da zuri'arsa. Ƙasar kuwa sunanta Tawantinsuyu, wato sassa huɗu da aka haɗe, cibiyarsu birnin Kusko. Har farkon ƙarni na 15 ƙaramar masarauta ce cikin masarautun tsaunukan Andes. Labarin da Turawan Sifaniya suka rubuta daga bakin dattawan Kusko ya ce wajen shekarar 1438 wata ƙabila mai suna Chanka ta kawo wa birnin hari, sarki ya gudu, ɗansa ya tsaya ya kore su, ya hau gadon mulki da sunan Pachakuti, mai juya duniya. Daga shi sai ɗansa Tupak Yupanki, sai jikansa Wayna Kapak. A hannun sarakuna uku, cikin ƙasa da shekara ɗari, mulkinsu ya miƙe kusan kilomita 4,000, daga kudancin Kolombiya ta yau zuwa tsakiyar Chile, da talakawan da aka ƙiyasta sun kai miliyan 10. Abin da ya riƙe wannan doguwar ƙasa shi ne hanya. Kapak Nyan suke kiranta, hanyar sarki, kuma in aka haɗa rassanta ta kai kilomita 30,000. A 2014 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya da sunan ƙasashe shida. Wadda masu yawon buɗe ido ke bi ɗan ƙaramin reshe ne daga cikinta.

Duk wannan sun yi shi ba doki, ba amalanke, ba baƙin ƙarfe. Dabbar dakonsu ita ce lama, 'yar uwar raƙumi marar tozo, wadda da ƙyar take ɗaukar kilo 30, ba a kuma hawanta. Shi ya sa hanyar take yadda take. Mai gina hanya don amalanke dole ya yi ta kewaye-kewaye yana neman sassauci. Mai gina ta don ƙafar mutum da ta lama kuwa sai ya tunkari dutsen gaba da gaba, ya sassaƙa masa matakala. Inda kogi ya gitta, su saƙa gada da igiyar ciyawa. Ɗaya daga cikin irinta, Keswachaka a kan kogin Apurimak, har yanzu ƙauyukan yankin na taruwa duk watan Yuni su sake saƙa ta. Ke nan duk wani abu mai nauyi a daular, masara ce, tufa ce, makami ne, har sarkin kansa da ake ɗauka a kan karaga, yawancinsa a gadon bayan mutum ko a kafaɗarsa yake tafiya.

Ina aka samo mutanen? Daular ba ta da kuɗi, ba ta kuma dogara da kasuwa ba, don haka harajinta gumi ne. Tun kafin Inka, mutanen Andes dangi-dangi suke zaune, abin da suke kira ayllu, suna yi wa juna aikin gayya, yau a gonata, gobe a taka. Sarakunan Kusko suka ɗauki wannan al'ada suka mai da ita doka. Ƙasar da aka ci da yaƙi sai a raba gonakinta uku: kashin sarki, kashin wuraren bauta, kashin mutanen gari, kuma mutanen gari ne za su noma duka ukun. Bayan wannan kowane magidanci yana da zagayensa na aikin hukuma, wanda ake kira mit'a. Wani yaƙi za a tura shi, wani haƙar ma'adinai, wani gyaran hanya, wani dako. Ana lissafa magidanta goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, kowane rukuni da shugabansa. Abin da ke kan sarki shi ne ya ciyar da mai aiki, ya ba shi kayan aiki, ya shayar da shi chicha, giyar masara, ranar biki. A baki dai gayya ce, sarki ya gayyata, talaka ya amsa. Sai dai gayya ce da ba wanda ya isa ya ce ba zai zo ba.

Amfanin gonar sarki rumbuna ake zubawa, waɗanda aka jera a gefen tsauni inda iska ke kaɗawa. A tsohon garin Wanuko Pampa kaɗai masu tono kayan tarihi sun ƙirga kusan 500. Dankalin nan da muke kira na Turawa asalinsa ɗan waɗannan tsaunuka ne, kuma su suka san sirrin ajiye shi: a baza shi a fili sanyin dare ya daskarar da shi, da rana a tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, a bar shi ya bushe. Chunyo ake kiransa, yana shekaru bai lalace ba. Lissafin abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita a jikin igiya ake ƙulla shi, kipu, kowane ƙulli da gurbinsa na ɗaya, na goma ko na ɗari. A manyan hanyoyi an kafa zanguna, tafiyar yini tsakanin wannan da wancan, ga kuma 'yan gudu, chaski, masu miƙa wa juna saƙo hannu da hannu, har saƙo ya ci kimanin kilomita 240 a yini guda. Talaka ba ya hawa hanyar sarki don ra'ayin kansa, sai an aike shi.

Yinin farko na tafiyar da sauƙi. Daga kan tudu mai tafiya zai hango Patallakta a ƙasa, gari mai gonaki hawa-hawa, dakali a kan dakali, daidai inda rafin Kusichaka ya faɗa Urubamba. Ana kyautata zaton daga irin wannan gari ake kai wa Machu Picchu abinci. A yini na biyu ake jin jiki. Daga ƙauyen Wayllabamba, mai tsayin mita 3,000, za a hau ƙarin mita 1,200 cikin 'yan sa'o'i zuwa mashigin Warmiwanyuska, wato matacciyar mace, don daga nesa ƙirar dutsen kamar mace ce kwance rigingine. Iskar da numfashi ɗaya ke ba mutum a can kusan kashi 60 cikin ɗari ce ta wadda yake samu a bakin teku. Taku goma, a tsaya, a dafa sanda, bugun zuciya har cikin kunne. Sai a gangara kwarin Pakaymayo, washegari a sake hawa, a wuce wani ɗan kewayayyen gini, Runkurakay, da ake ganin zango ne ko wurin gadi. Bayan mashigi na biyu ne shimfiɗar dutsen Inka ta ainihi ke fitowa sarai, kuma daga nan gine-ginen sun daina kama da na hanyar 'yan aike ko ta mayaƙa.

Sayakmarka tana zaune a kan hancin dutse, rami ta gefe uku, mashigarta ɗaya tak, wata siririyar matakala da aka manna a jikin dutsen. Ba ta da gonar kirki da za ta riƙe mazaunanta. Gaba kaɗan hanya ta ratsa cikin dutse ta wani kogo da aka faɗaɗa da hannu. Sai Puyupatamarka, garin da ke kan gajimare, mai jerin wuraren wanka. Wanda ya durƙusa gaban ɗaya zai ga yadda aka yi shi. An sassaƙa 'yar kwata da ba ta fi faɗin tafin hannu ba a jikin dutse, an gyara bakinta yadda ruwan zai zubo a tsaye kamar igiya, ya faɗa kwarmin da ke ƙasa, ya ɓace ta wata kafa, ya sake ɓullowa a wurin wanka na gaba. Shekara 500 da ɗoriya, babu maginin, babu sarkin da ya sa shi, ruwan yana nan yana bin hanyar da aka yanka masa. Haka abin yake a Winyay Wayna, kufai na ƙarshe kafin Machu Picchu, inda jerin wuraren wankan ya gangara tare da matakala tsakanin gidajen sama da na ƙasa. Mai ƙishirwa idon ruwa ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa masana da dama ke ganin wuraren tsarkake jiki ne, mataki bayan mataki, kafin a isa wuri mai alfarma.

A addinin mutanen Andes manyan duwatsu masu rai ne. Apu suke kiransu, kuma a wurinsu su ke riƙe da ruwan sama da lafiyar dabbobi. Daga Puyupatamarka ana ganin Salkantay, mai tsayin mita 6,271, kansa fari fat da ƙanƙara. Johan Reinhard, masanin da ya yi shekaru yana hawa tsaunukan Andes yana binciken wuraren bautarsu, ya nuna cewa Machu Picchu na zaune ne a tsakiyar irin waɗannan duwatsu, Salkantay a kudu da shi, kogin Urubamba kuma ya kusa zagaye shi. Ga amsa ta farko ke nan. Bisa ga dukkan alamu turbar kwari ta kaya ce da gaggawa, ta sama kuwa ta ziyara ce. An tsara ta yadda mai zuwa zai sha wuya, ya yi wanka, ya gai da duwatsu, sannan in ya leƙo ta Inti Punku, Ƙofar Rana, ya ga garin gaba ɗaya shimfiɗe a ƙarƙashinsa.

Amsa ta biyu ta fi ban mamaki, kuma ta shafi gado. In sarkin Inka ya mutu, ɗa ɗaya zai gaji sarauta, amma ba zai gaji dukiyar uban ba. Gidajen mamacin da gonakinsa da barorinsa suna nan a matsayin nasa, don a wurinsu bai gushe ba. Za a busar da gawarsa, a tufatar da ita, a riƙa ajiye mata abinci, a fito da ita dandalin Kusko ranar biki, a nemi shawararta ta bakin masu magana da yawunta. Sauran 'ya'yansa da jikokinsa, waɗanda ake kira panaka, su ke kula da gawar suna cin amfanin gandun. Sabon sarki ya hau karaga ke nan ba shi da gandun kansa. In yana so, sai ya ci sabuwar ƙasa, ko ya fasa dutse ya mai da shi gona. Wasu masana na ganin wannan na cikin abin da ya hana daular tsayawa wuri ɗaya, kowane sarki dole ya faɗaɗa. Kwarin Urubamba cike yake da irin waɗannan gandaye: Pisak da Ollantaytambo na Pachakuti, Chinchero na ɗansa, yankin Yukay na jikansa. A shekarun 1980 masanin tarihi John Rowe ya fito da wata takardar Sifaniyawa ta 1568 da ta ambaci wani wuri mai suna Picchu cikin filayen Pachakuti. Tun daga nan yawancin masana suka tsaya a kan cewa Machu Picchu gandun sarki ne, gidan hutunsa da wurin bautarsa. An daɗe ana cewa wajen 1450 aka gina shi, amma gwajin shekarun ƙasusuwa da aka wallafa a 2021 ya nuna akwai mutane a wurin tun wajen 1420.

Duk wanda ya shiga Machu Picchu kan bango idonsa ke fara sauka: duwatsun da aka goga aka haɗa ba laka, ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu, da ƙofofi masu faɗin ƙasa da ƙuncin sama waɗanda ke jure girgizar ƙasa. Amma mafi yawan aikin ido ba ya ganinsa. Wurin kamar sirdi ne tsakanin duwatsu biyu, mita 2,430 sama da teku, kuma ruwan saman da ke zuba a kansa ya kusa milimita 2,000 a shekara. Kenneth Wright, injiniyan ruwa da ya yi shekaru yana nazarin wurin, ya ƙiyasta cewa kashi 60 cikin ɗari na aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Kowane dakalin gona an fara zuba masa manyan duwatsu, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama, don ruwa ya tsiyaye kada ya ture bango. Akwai kafofin fitar ruwa kusan 130 a jikin bangwayen, da kwata mai tsawon mita 749 da ta ɗauko ruwa daga maɓulɓula zuwa wuraren ɗiba 16, na farkonsu a ƙofar gidan sarki. Kowane dutse a nan hannu ne ya daddatse shi da wani dutsen, kafaɗa ta ja shi. Gonakin kuwa ba su wuce hekta 5 ba, ba za su ciyar da ɗaruruwan da ke taruwa in sarki ya sauka ba. Ragowar abincin goyo ake kawo shi.

Masu zama a wurin rani da damina ba sarakai ba ne, yanakuna ne, barorin da aka ciro daga danginsu aka mallaka wa gidan sarki har mutuwa. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2023, a kan mutum 34 da aka binne a Machu Picchu, ya nuna daga sassa daban-daban na daular aka tattaro su, har da dajin Amazon. Daular ta saba ma kwashe al'umma guda ta kai ta wata ƙasa, don karya bore ko don noma sabon fili. Masu yabon Inka ba sa son tsayawa a nan, masu kushe su kuma ba sa son tuna rumbunan da ake buɗewa in an yi fari. Ni dai ina ganin dole a riƙe biyun tare, don tsari ɗaya ne ya cika rumbun, shi ne kuma ya raba yaro da garinsu.

Wajen 1527 wata annoba, da ake zaton agana ce da ta riga Turawan isowa, ta kashe Wayna Kapak da magajinsa. 'Ya'yansa biyu, Waskar da Atawalpa, suka shiga yaƙin basasa. An ruwaito cewa Waskar ya koka matattu sun mallake duk ƙasa mai kyau, har ya yi barazanar binne su, abin da ya ɓata shi da manyan gidajen Kusko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 16 ga Nuwamba 1532 Francisco Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniya, da mutanensa, su 168, suka kama Atawalpa a garin Kahamarka. Ya tara musu zinariya da azurfa don fansar kansa, suka karɓa, suka kashe shi a watan Yulin 1533. Ƙabilun da Inka suka danne, irin su Kanyari da Wanka, suka mara wa baƙin baya. Manko Inka, wani ɗan Wayna Kapak, ya tayar da bore a 1536, ya yi wa Kusko ƙawanya, ya kori Sifaniyawa a Ollantaytambo, sannan ya janye cikin dajin Bilkabamba, inda ragowar sarautar ta ci gaba da numfashi har 1572, shekarar da aka sare kan Tupak Amaru, sarkinsu na ƙarshe, a dandalin Kusko.

Machu Picchu bai kai wannan rana ba. Babu alamar an ci shi da yaƙi. Gandu ne da ke rayuwa da abin da ake kawo masa, da tsarin da ke turo masu dako ya rushe sai barori suka watse, daji ya rufe. Mit'a kuwa ba ta mutu ba. Francisco de Toledo, wakilin sarkin Sifaniya wanda ya ba da umarnin kashe Tupak Amaru, shi ya ɗauke ta a shekarun 1570 ya mai da ita hanyar tura dubban mutane ramukan azurfa na Potosi, a ƙasar Bolibiya ta yau. Aka zubar da karamcin da ke kan sarki, aka riƙe tilas ɗin.

Saura maganar da ake yi cewa Machu Picchu "ɓataccen birni" ne da aka gano, wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na ji ta. Ranar 24 ga Yuli 1911 Hiram Bingham, malamin tarihi daga Jami'ar Yale ta Amurka, ya hau dutsen. Wani manomin yankin, Melchor Arteaga, shi ya gaya masa akwai kufai a sama, shi ya kuma yi masa jagora. Da suka isa sai suka tarar da iyalai suna zaune a wurin suna noma dakalan Inka, kuma wani yaro daga cikinsu ne ya zagaya da baƙon cikin gine-ginen. A jikin wani bango Bingham ya ga sunan Agustín Lizárraga da shekarar 1902, wato wani ɗan ƙasa ya riga shi da shekara tara. Ba za a hana Bingham haƙƙinsa ba: ya share wurin, ya ɗauki hotuna, mujallar National Geographic ta ba da fitowarta ta Afrilun 1913 gaba ɗaya ga labarin, a 1915 kuma ya bi wani ɓangare na hanyar sama. Amma fassararsa ta kauce. Ya nace nan ne Bilkabamba, mafakar ƙarshe ta sarakunan Inka, alhali ainihin wurin shi ne Espiritu Pampa, wanda shi da kansa ya je a 1911 ya raina, sai a 1964 Gene Savoy ya dawo da hankalin duniya kansa. Masanin ƙashi na tawagarsa ya ce yawancin gawarwakin mata ne, aka gina labarin "budurwoyin rana", wato matan da aka keɓe don bautar rana, a kai. Da aka sake auna ƙasusuwan bayan shekaru da dama sai aka ga maza da mata ne har da yara. Dubban kayan da aka kwashe zuwa Yale da sunan aro kuwa sai da aka kusa shekara ɗari ana ja-in-ja, kafin a dawo da su Kusko tsakanin 2011 da 2012. Birnin bai taɓa ɓace wa masu noma a cikinsa ba, su ne aka ɓatar daga labarin.

A 1983 UNESCO ta sa Machu Picchu cikin kayan tarihin duniya, a 2019 kuma masu ziyara sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi. Hanyar sama ta sha wuya kafin a farga: shara, zaizayar ƙasa, sansanoni barkatai. Daga 2001 aka hana kowa bin ta sai da kamfani mai lasisi. An ƙayyade mutum 500 a rana, ana rufe ta duk watan Fabrairu don gyara, an kuma hana dawaki da alfadarai hawa don kofatonsu na cinye matakalar. Wannan doka ta ƙarshe ta ceci duwatsun, amma ta mai da duk kayan kan gadon bayan mutum, kamar yadda abin yake zamanin Pachakuti. Cikin 500 ɗin nan, kimanin 200 ne kawai baƙi. Sauran 300 'yan dako ne, da masu dafa abinci, da 'yan jagora.

Kafin dokar 2001 an sha ba da labarin 'yan dako masu goyon kilo 40 zuwa 50 a kan lada kaɗan. Yanzu doka ta yanka kilo 20 ga namiji, dokar da aka sabunta a 2022 kuma ta sa kilo 15 ga mace, don mata ma sun shiga sana'ar. Kuɗin yana da amfani a ƙauyen da dankali da 'yan tumaki ne duk arzikinsa, shi ya sa ba wanda ke neman a rufe hanyar, su kansu 'yan dakon ba su nemi haka ba. Abin da ƙungiyoyinsu ke kuka da shi shi ne a biya ladan da doka ta ce, a daina ƙara musu kaya bayan an wuce sikeli, a ba su abinci da makwanci na kirki maimakon ragowar tukunya da tantin girki. Akwai kamfanonin da ke kyautatawa, akwai masu sauke farashi don jan baƙi su cire gibin daga jikin ɗan dako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baƙon da ke ciniki yana neman mafi arha ya kamata ya san daga aljihun wa ragin ke fitowa.

Daren ƙarshe a Winyay Wayna ake kwana. Wajen ƙarfe uku na dare za a tashi kowa. Baƙi su ɗaura fitila a goshi, su zauna a bakin shingen masu gadi suna jiran ƙarfe biyar da rabi a buɗe, don su isa Ƙofar Rana da hudowar rana. Dalilin wannan sammako ba rana kaɗai ba ce. 'Yan dako ne ke son a fita daga tanti da wuri su naɗe, don akwai jirgin asuba da ke ɗaukarsu a bakin kogi, in ya wuce su sai dogon jira. Yayin da baƙi ke miƙewa gaba zuwa Machu Picchu, su sai su karkata ta wata turbar daban, su gangara cikin duhu da tukwane da tantuna a baya, har zuwa layin dogo.